Mafarkin Sane: Mene Ne Shi, Mene Ne Matsayinsa, Kuma Me Yake Ƙara Wa Mutum Idan Ya Farka?

  

Mutum yana kwance tsakar dare sai ya ga ana binsa a guje, ƙafafunsa sun yi nauyi kamar an ɗaura masu dutse. Yana juyawa sai ya hangi kakarsa, wadda ta rasu shekara goma da suka wuce, tsaye a bakin ƙofa. Nan take tunani ya faɗo masa: "Ai Hajiya ta rasu, ashe mafarki nake yi." Bai farka ba, mafarkin ya ci gaba, amma yanzu ya san halin da yake ciki. Wannan shi ne abin da za mu kira mafarkin sane: mafarkin da mai yinsa ya san mafarki yake yi alhali bai bar barcin ba. Larabawan wannan zamani suna ce masa al-hulmul wa'i.

Abin da ya sa muka ga dacewar tattara bayani a kansa shi ne yawan tambayar da matasa ke yi. Bidiyoyi sun cika YouTube da TikTok, wasu da Faransanci, wasu da Ingilishi ko Larabci, suna yi wa mai kallo alkawarin cewa idan ya koyi wannan abu zai rabu da tsoro, ya gana da mamatansa, ya canza rayuwarsa. Wasu har kuɗi suke karɓa su koyar. A ɗaya gefen kuma akwai wanda da zarar abin ya same shi sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauka aljani ne ya shige shi ko an yi masa sammu. Dukansu biyu suna bukatar bayani.

Abin da yake da abin da ba shi ba

Sharaɗin mafarkin sane guda ɗaya ne, wato sanin. Juya mafarki yadda mutum yake so, ya ce bari ya tashi sama ya tashi, ko ya ce wa abin da ke binsa ya tsaya ya tsaya, wani mataki ne na daban, kuma ba kowa ke kaiwa gare shi ba. Mutane da yawa da zarar sun gane, mamaki ko murna sai ta farkar da su. Wasu kuma sanin yakan ɗan jima sannan ya suɓuce, mafarkin ya sake haɗiye su. Ko waɗanda suka ƙware ba su da cikakken iko. Mutum zai iya buɗe ƙofa da niyyarsa, amma abin da zai tarar a bayanta ba shi ya zaɓa ba.

Kada a haɗa shi da dannau. Mai dannau ya riga ya farka, yana ganin ɗakinsa, amma jiki ya ƙi motsi, ƙirji a danne, murya ta ƙi fita. Kada kuma a haɗa shi da farkawar ƙarya, inda mutum zai ga ya tashi, ya yi alwala, ya tafi masallaci, sai can ya buɗe ido ya tarar yana kan shimfiɗarsa rana ta fito. Wannan bai san mafarki yake ba, shi ya sa ma abin ya yaudare shi.

Ba abu ne mai wuyar samu ba. A shekarar 2016 wasu masu bincike a Ingila, ƙarƙashin David Saunders, sun tattara nazari 34 da aka yi cikin shekara 50, suka samu cewa kimanin kashi 55 cikin ɗari na mutane sun taɓa yin irin wannan mafarki aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, kuma kimanin kashi 23 suna yinsa sau ɗaya ko fiye a wata. Ya fi yawa ga yara da matasa.

Lokacin da yake aukuwa

Barci ba shimfiɗa ɗaya ba ce daga kwanciya zuwa tashi. Yana zagayawa ne, kowane zagaye kimanin minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare. A ƙarshen kowane zagaye akwai wani yanayi da idanun mai barci ke kai-kawo da sauri a ƙarƙashin fatarsu, ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar ta wanda yake ido biyu. Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman ne suka gano shi a jami'ar Shikago a shekarar 1953. A cikinsa ne ake yin mafi yawan mafarkai masu tsari da labari, kuma a cikinsa ne mafarkin sane ya fi aukuwa. Mu kira shi barcin motsin ido.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe game da shi. Na farko, a wannan yanayi ƙwaƙwalwa tana sassare tsokokin jiki don kada mutum ya aikata abin da yake gani, sai tsokar ido da ta numfashi ake bari. Idan mutum ya farka kafin wannan sassarin ya kwance, shi ne dannau. Na biyu, barcin motsin ido gajere ne a farkon dare, kamar minti 10, sannan yana ƙara tsawo yayin da gari ke kusantar wayewa. Shi ya sa duk wanda ya saba tashi sahur ko tahajjud ya koma ya kishingiɗa ya san yadda mafarkin wannan lokaci yake zuwa garau, kamar a taɓa.

Yadda aka tabbatar da shi

Tsohon abu ne. Aristotil, malamin falsafar Girka da ya rayu fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ambata a ɗan littafinsa kan mafarki cewa wani lokaci akwai abin da ke shaida wa mai barci cewa abin da yake gani mafarki ne. Mabiya addinin Buda na Tibet sun mayar da shi wani ɓangare na ibadarsu ƙarnoni da dama. A Faransa, Hervey de Saint-Denys, malamin harshen Sin, ya fitar da littafi a 1867 kan hanyoyin juya mafarki bayan ya shekara da shekaru yana rubuta nasa. Sunan da Turawa ke kiran abin da shi a yau kuwa ya yaɗu ne daga likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, wanda a 1913 ya gabatar da bayanin irin waɗannan mafarkai 352 da ya yi tun daga 1898.

Duk da haka masana kimiyya ba su gamsu ba. Cewa suke yi mutum ya ɗan farka ne na ƙiftawar ido ya koma, sai ya zaci a cikin barci ya yi tunanin. Kuma da gaskiyarsu, domin babu shaida sai bakin mai mafarkin. Ido ne ya warware gardamar. Tunda tsokarsa ba ta cikin waɗanda ake sassarewa, sai Keith Hearne ya shirya da wani mai suna Alan Worsley cewa idan ya gane yana mafarki ya juya idanunsa hagu da dama sau da yawa. A safiyar 12 ga Afrilu, 1975, a jami'ar Hull ta Ingila, alamar ta fito a takardar na'ura, alhali sauran ma'aunai suna nuna mutumin yana tsakiyar barcin motsin ido. Stephen LaBerge na jami'ar Stanford a Amurka ya yi irin wannan gwaji ba tare da sanin na Hearne ba, ya wallafa sakamakonsa a 1981. Daga nan ne abin ya samu shiga cikin ilimi. Da wannan alama ta ido aka kuma gano cewa ƙirga ɗaya zuwa goma a cikin mafarki yana cin lokaci kusan daidai da na farke.

Na baya-bayan nan ya fi ban mamaki. A 2021 ɗakunan gwaji huɗu a Amurka da Jamus da Faransa da Holan suka haɗa sakamakonsu kan mutum 36. An riƙa yi wa masu barci tambaya da murya ko da walƙiyar fitila, su kuma suna amsawa da ido ko da tsokar fuska. An tambayi wani 8 a cire 6, ya juya ido hagu da dama sau 2. A cikin tambayoyi 158 an samu amsa daidai 29, mafi yawan sauran kuwa ba a amsa su ba sam. Adadin kaɗan ne, amma ya isa ya nuna cewa mai barci yana iya ji, ya yi lissafi, ya mayar da amsa.

A ɓangaren ƙwaƙwalwa, aikin Ursula Voss a 2009 da na Martin Dresler a 2012, dukansu a Jamus, sun nuna cewa sassan gaban ƙwaƙwalwa, waɗanda ke kula da tunani a kan kai da auna abubuwa, suna lafawa a mafarki na yau da kullum amma suna motsawa a mafarkin sane. Wannan ne dalilin da ya sa a mafarki mutum zai ga akuya tana tuƙa mota bai ji komai ba: mai tambayar ne yake barci. An yi waɗannan gwaje-gwaje a kan mutane 'yan kaɗan, na Dresler ma a kan mutum ɗaya ne aka samu hoton ƙwaƙwalwar.

A wane kashi yake cikin mafarkai?

Hadisin Abu Huraira (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, da baƙanta rai daga Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa sai ya gan shi da dare. Sanin cewa ana mafarki bai zama kashi na huɗu ba. Sifa ce ta mai mafarkin, kuma tana iya zuwa masa a cikin kowanne daga ukun. Amma idan aka zo ga mafarkin da mutum ya shirya tun yana ido biyu, ya kwanta da niyyar ganin abu kaza, ya shiga yana juya shi da hannunsa, to babu wahalar gane cewa zancen zuci ne. Mafarki na gari, wanda hadisi ya ce yanki ɗaya ne cikin 46 na annabta, kyauta ce da ake ba bawa. Ba a ƙera shi da atisaye.

Wannan magana tana da nauyi a wurinmu, domin mu mutane ne masu girmama mafarki. Ana fasa aure saboda mafarki, ana zargin maƙwabci da maita saboda mafarki, ana samun mabiya da shi. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 790 bayan Hijira, ya yi bayani a Al-I'itisam cewa mafarkin wanda ba annabi ba ba a gina hukunci a kansa, amfaninsa bushara ce ko gargaɗi, kuma sai an auna shi da shari'a. Idan haka ne matsayin mafarkin da ya zo da kansa, ina ga wanda mutum ya tsara? Wanda ya yi istihara kan wata yarinya, sannan ya kwanta ya janyo surarta cikin mafarki da gangan, ya tashi yana cewa an nuna masa, kansa ya yaudara. Ita istihara ma ba a sharɗanta mata mafarki ba. Haka wanda ya kira surar mahaifinsa da ya rasu ya tambaye shi yadda za a raba gona. Yana iya samun sanyin zuciya da ganin fuskar, amma ba a yanke gado ko bashi a kan mafarki kaɗai.

Mafi haɗari shi ne da'awar ganin Manzon Allah (SAW). Ya tabbata cewa Shaiɗan ba ya kamanta da shi, amma Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari cewa Muhammad ɗan Sirin, idan mutum ya zo masa da wannan da'awa, yakan sa shi ya siffanta wanda ya gani, idan siffar ta saɓa da wadda aka sani ya ce masa bai gan shi ba. Surar da mutum ya zana da tunaninsa ya sa mata suna ba ta zama gani ba. Kuma Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) narko mai tsanani ga wanda ya faɗi mafarkin da bai yi ba: za a ɗora masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar alƙiyama, ba kuwa zai iya ba.

Ana kama mutum da abin da ya yi a ciki?

Asali dai mai barci yana cikin mutum ukun da aka ɗauke wa alƙalami har ya farka, kamar yadda ya zo a hadisin da Abu Dawud da wasunsa suka ruwaito. Wanda ya san yana mafarki bai fita daga hukuncin mai barci ba. Alwalarsa ta warware kamar ta kowane mai nauyin barci, yadda ɗalibin Ahalari da Ishmawi ya sani. Sallar da ya yi a ciki ba ta sauke masa farilla ba. Idan ya saki matarsa a mafarki aure yana nan. Idan ya tashi ya ga maniyyi wanka ya wajaba, idan bai gani ba babu wanka.

Sai dai akwai inda ya kamata a tsaya. Wanda ya kwanta ya ɗauki awa guda yana hakaito matar da ba tasa ba don ya shigo da ita mafarkinsa, wannan hakaitowa a farke ya yi ta, kuma a farke alƙalami yana rubutu. Malamai sun bambanta tsakanin tunanin da ke giftawa, wanda aka yafe, da azamar da mutum ya ƙulla ya zauna a kanta. Zuciyar da aka horar da ita kan sha'awar haram da dare ita ce dai za a fita da ita kasuwa da rana. Wannan ita ce fahimtarmu, Allah ne Mafi sani.

Amfaninsa ga rayuwar farke

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne mugun mafarki mai maimaituwa. Wanda ya tsallake hari, ko ya ga an kashe nasa a gabansa, kamar 'yan'uwanmu da suka baro garuruwansu a yankin Diffa ko kan iyakar Maraɗi da Zamfara, yakan riƙa ganin abin kowane dare har ya koma tsoron shimfiɗarsa. Abin da ke cinsa a irin wannan mafarki shi ne jin cewa ba shi da dabara. Idan ya gane a tsakiyar gudun cewa mafarki ne, zai iya tsayawa, ya juya ya dubi mai binsa, ko ya farkar da kansa. A 2006 Victor Spoormaker da Jan van den Bout a Holan suka gwada koyar da wannan ga masu fama da mugun mafarki, a wani ƙaramin nazari na mutum 23. Waɗanda aka koyar mafarkansu sun ragu. Abin lura shi ne har waɗanda ba su taɓa kaiwa ga sanin a cikin barci ba sun samu sauƙi. Ke nan wani kaso na maganin ya zo ne daga zaman da aka yi da su da rana, inda suka karɓi cewa mafarkin ba ƙaddara ce da ba ta juyuwa ba.

Saboda haka ne ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2018, ta sa mafarkin sane cikin hanyoyin da za a iya gwadawa, amma wadda ta fi ba ƙarfi wata ce da ake yinta ido biyu: mutum ya ɗauki mugun mafarkin, ya canza masa labari zuwa wanda ba ya firgitarwa, ya riƙa maimaita sabon a ransa na minti 10 zuwa 20 kullum. Barry Krakow ya gwada ta a kan mata 168 da aka ci wa zarafi, ya wallafa sakamako mai kyau a 2001.

Shi kuwa Musulmi yana da abin da aka koya masa tun farko. Ya yi tofi mara yawu ta hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ya gani, ya juya kwanciya, idan ya so ya tashi ya yi salla, kuma kada ya yaɗa. Lokacin da wani ya zo yana ba Annabi (SAW) labarin ya ga an sare masa kai, hana shi ya yi ya riƙa faɗin wasan da Shaiɗan ya yi da shi. Sunna ba ta jiran shaidar ɗakin gwaji, amma kowa zai ga cewa tana rage wa mafarkin girma ne, tana ba mai shi abin yi maimakon kwanciya cikin rawar jiki. Wanda abin ya zame masa ciwo kuwa, faɗa wa likita neman magani ne, ba yaɗawa ba ce.

Na biyu shi ne atisaye. An ga cewa damƙe hannu a mafarki yana motsa sashen ƙwaƙwalwar da ke damƙe shi a farke. Daniel Erlacher da Michael Schredl sun gwada jefa kwabo cikin kofi a 2010. Cikin mutum 20 da aka ce su yi atisayen a mafarki, 7 ne kawai suka iya, kuma sun ƙara ƙwarewa da safe, amma waɗanda suka yi atisayen da hannunsu a farke sun fi kowa. Teloli da masu hadda kada su ajiye allura da allo.

Na uku shi ne wanda masu bidiyo suka fi kururutawa, wato gyaran hali. A nan akwai gaskiya kuma akwai ƙari. A 2015 Elisa Filevich da abokan aikinta a Jamus suka samu cewa masu yawan mafarkin sane suna da girman wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa, wanda shi ne ke aiki idan mutum yana lura da tunanin kansa. Binciken ya nuna alaƙa ce, bai nuna wanne ya haifi wanne ba. Amma alaƙar tana da ma'ana. Abin da ke sa mai mafarki ya ce "tsaya, wannan ba daidai ba ne" shi ne dai abin da ke sa magidanci a tsakiyar cacar baki da iyalinsa ya ce a ransa "fushi ne ke jana", ya yi shiru. Mutane da yawa suna wuni kamar yadda suke mafarki, abu yana jan abu, ba su tsaya sun tambayi inda suke ba har su kwanta.

A ganinmu nan ne amfanin yake, kuma da rana ake samunsa. Masu koyon mafarkin sane suna tsayawa sau da yawa a wuni su dubi kansu da abin da ke kewaye da su. Wannan tsayawar ce ke canza mutum, ko mafarkin ya zo ko bai zo ba. Malaman tarbiyya sun daɗe a wannan fage da manufar da ta fi wannan girma. Harisu Al-Muhasibi, wanda ya rasu a 243 bayan Hijira, ya samu laƙabinsa ne daga yawan yi wa kansa hisabi. Al-Harawi ya sanya farkawa daga gafala a matsayin masauki na farko na mai tafiya zuwa ga Allah, Ibnul Ƙayyim kuma ya yi mata dogon sharhi a Madarijus Salikin.

Rubuta mafarki da safe, wanda duk masu koyarwa ke farawa da shi, shi ma yana da ɗan amfaninsa. Tunda mafi yawan mafarkinmu zancen zuci ne, wanda ya rubuta na wata guda zai ga abin da zuciyarsa ke ɗauke da shi: bashin da yake kauce wa, jarrabawar da bai shirya mata ba, ɗan'uwan da suka yi shekara ba sa magana. Wannan ba ya bukatar littafin fassarar mafarki. Shi kansa littafin da ake sayarwa da sunan Ibn Sirin, masu tahƙiƙi suna shakkar cewa shi ya rubuta shi.

Dabarun janyo shi da abin da suke ci

Dabarun da aka gwada a ilimance ba su da tsafi a ciki. Ta farko ita ce tambayar kai da rana, barci nake ko ido biyu, tare da gwaji kamar toshe hanci a ja numfashi, domin a mafarki iska takan wuce. Ta biyu ita ce a tashi bayan barcin awa 5, a ɗan zauna, a koma. Ta uku, wadda LaBerge ya tsara, ita ce mutum ya koma barci yana ƙudurta cewa idan ya shiga mafarki zai tuna mafarki ne. Denholm Aspy na jami'ar Adelaide a Ostareliya ya gwada su a kan mutum 169 a 2017. Tambayar rana ita kaɗai ba ta yi wani tasiri ba. Waɗanda suka haɗa ukun sun dace a kimanin kashi 17 cikin ɗari na dararensu, adadin kuma ya kai kusan 46 ga waɗanda barci ya ɗauke su cikin minti 5 bayan ƙudurin.

Tasirin ƙuduri kafin barci ba sabon sani ba ne. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ambata a Muƙaddima wasu kalmomin baƙin harshe da littafin Gayatul Hakim ya ce a furta lokacin kwanciya don a ga abin da ake so, sannan ya fassara tasirinsu da cewa suna shirya rai ne ga mafarkin. Littafin na sihiri da taurari ne, kuma malamai sun hana furta kalmomin da ba a san ma'anarsu ba saboda tsoron shirka. Duk wanda ya haɗa maka wannan koyo da laya, ko turare, ko kiran wasu sunaye, ko da'awar fita daga jiki a tafi wata duniya, ya fita daga abin da muke magana a kai.

Ko dabarun da suka halatta ma suna da abin da suke ci. Wanda ya kwanta ƙarfe 11 zai tashi ƙarfe 4, ya koma wajen 4 da rabi yana neman barci mai nauyi, a garuruwanmu kuwa asuba tana kamawa ne wajen ƙarfe 5. Mafi kyawun lokacin mafarkin shi ne lokacin kiran salla, kuma wanda ya shirya barcin da ya san zai ci masa farilla ba ya cikin uzurin wanda barci ya rinjaya. Yanka barci kowane dare yana kuma taɓa karatu da aiki da haƙuri da mutane. Masanan barci biyu, Raphael Vallat da Perrine Ruby, sun yi gargaɗi a kan haka a 2019. Wani nazari na 2018 a kan ɗaliban jami'a ya samu cewa masu yawan amfani da dabarun janyo shi sun ƙara samun alamun rikicewa tsakanin zahiri da abin da ba zahiri ba bayan wata biyu.

Don haka wanda yake da larurar ƙwaƙwalwa, ko yake jin muryoyi, ko yake ji kamar duniyar da ke gabansa ba gaskiya ba ce, ya nisanci wannan atisaye. Akwai kuma maganin cutar mantuwa ta tsofaffi, galantamin, da aka nuna yana ƙara yawan mafarkin sane, wasu suna tallarsa a intanet. Magani ne mai illa ga ciki da bugun zuciya, ba a shansa sai da umarnin likita. Wanda mafarkin sane ke yawan zuwa masa tare da dannau da barcin da ke kwashe shi da rana ba shiri, ya je a duba shi, domin waɗannan suna cikin alamun cutar da likitoci ke kira nakolefsi. Haka shi ma wanda yake duka ko shuri ko tsalle daga gado yana mafarki: sassarin da ya kamata ya riƙe jikinsa ne bai kama ba, kuma abokin kwanciyarsa ne yakan fara lura.